Ranar da Malam Ya Sayar da Sulkensa

Abubuwa da yawa na shekarun da na yi ina karatu a Kaura Namoda sun riga sun gushe min. Na manta sunayen wasu malamanmu, na manta fuskokin wasu da muka zauna aji ɗaya, amma akwai wata Asabar ta tsakiyar damina wadda na tabbata har in koma ga Allah ba za ta fita daga raina ba. A cikin wayar hannu abin ya faru, a wani wasa da iyayenmu ke kira shiririta, kuma ban ga laifinsu ba. Sai dai ni a cikin wannan shiriritar na haɗu da mutumin da ya gyara min yadda nake kallon mutane.

Ga wanda bai san wasan ba, mutum biyar ne ke karawa da wasu biyar ta intanet. Kowa zai zaɓi jarumi ɗaya ya riƙa sarrafa shi. Akwai hanyoyi uku da suka haɗa gidan wannan ƙungiya da na waccan, a kan kowace hanya akwai hasumiyoyin tsaro, tsakanin hanyoyin kuma daji ne da ciyayi masu tsawo inda ake ɓuya. Wanda ya fara rushe babban gidan abokan karawa shi ya ci. Jarumin da aka kashe kuwa yakan farfaɗo a gidansu bayan ɗan lokaci. Kana wasa jaruminka na tara zinariya, da ita kake saya masa kaya: takobi, sulke, takalmin gudu, laya, da sauransu. Gurbin kayan shida ne kawai, zinariyar kuma ba ta isa a sayi komai, don haka abin da mutum ya zaɓa ya saya yakan nuna irin tunaninsa. Wannan ban gane shi ba sai daga baya.

Shugaban ƙungiyarmu wani tela ne mai shago kusa da kasuwar Kaura, shi ya haɗa mu, kuma a shagonsa muke taruwa saboda yana da janareta. Akwai wasu wa da ƙani daga garin Banga, muna tsokanarsu da cewa mu ƙungiyarmu ba a taɓa ta, tunda har da 'yan Banga muke yawo. Sai ni, ɗan Zurmi, mai riƙe jarumi mai baka. Mai baka ba shi da ƙarfin jiki, bugu kaɗan yake faɗuwa, amma idan aka bar shi ya tsaya daga nesa yana harbi, shi ne ke kashe mafi yawa. Na biyar ɗinmu shi ne Malam.

Malam mutumin Shinkafi ne, ɗan gidan malamai, yana koyarwa a wata firamare a Katuru. Ya girme mu nesa ba kusa ba, yana da iyali. Tela ne ya gamu da shi a cikin wasan ya jawo shi, mu kuwa muryarsa kawai muka sani, wata murya mai sanyi da ba ta tashi ko ana cin mu. Jaruminsa wani ƙato ne mai guduma, aikinsa buɗe faɗa. Shi ne zai fara faɗawa tsakiyar abokan gaba ya doka gudumar a ƙasa, duk wanda ke kusa ya daskare na ɗan lokaci, ba motsi ba ramuwa, mu kuma mu biyo baya mu gama da su. Babban bugun nan sau ɗaya ake yin sa, sai an jira lokaci mai tsawo kafin ya sake cika. In an zubar da shi a banza, shi ke nan, sai gudu.

Kayan Malam su ne suka fara ba ni haushi. Da ya sayi takalmi, abu na biyu kullum wata 'yar wuƙa ce da muke kira wuƙar tsalle. Ba ta yanka komai, ba ta ƙara ƙarfi, abin da take yi kawai shi ne ta ɗauke jarumi daga inda yake ta dire shi can gaba cikin ƙiftawar ido. Ga tsada. Bayan ita sai ya yi ta sayen fitilu yana kafawa a daji don mu ga masu zuwa. Sauran kayansa kuwa ba su da tsari ɗaya: yau sulke, gobe mayafin kare sihiri, jibi wata ganga da ke ƙara wa na kusa da shi sauri. Ban taɓa ganin ya sayi takobi ba. In an gama wasa allo ya fito da sakamako, sai ka ga ni ne a sama da yawan kisa, shi kuma yana ƙasa, shi ya fi kowa mutuwa. A wancan lokacin ina ɗan shekara ashirin da kaɗan, kuma abin da allo ya nuna shi ne kaɗai gaskiya a wurina.

A daminar nan aka shirya wata gasa ta intanet tsakanin ƙungiyoyin garuruwan arewa. Muka shiga ba tare da wani dogon buri ba, sai ga mu muna ta wucewa har muka kai wasan kusa da na ƙarshe. Wasan da ya kai mu can da ƙyar muka ci shi, kuma Malam ya mutu a cikinsa har na daina ƙirgawa. Washegari ina hanyar makaranta na ɗauki waya na yi wa Tela saƙon murya. Na ce mu faɗa wa kanmu gaskiya, Malam nauyi ne a kanmu, yatsunsa sun tsufa, kayan matsorata yake saye, in muna son kofi mu nemi wani kafin Asabar, shi kuma ya koma ya ji da allo da alli. Na tura, na sa wayar a aljihu, na shiga aji.

Da na fito na tarar Tela ya kira ni sau huɗu. Ashe ba shi kaɗai na tura wa ba, zauren hira na waya da mu biyar muke ciki na jefa saƙon, kuma kowa ya saurara. Na tsaya a bakin aji na buɗe zauren. A ƙasan saƙona akwai amsar Malam, gajeriya. Na daɗe kafin in iya danna ta.

"Na ji, ƙanena," in ji shi. "Batun mutuwa gaskiya ka hwaɗi, ina mutuwa da yawa. Yatsu ma ba su kai naku ba. Ga shawara: gobe in mun zo gwaji mu yi musanya, kai ka riƙa mai guduma, ni in riƙa mai baka. In ƙungiya ta hi kyau a haka, sai mu tahi a haka. In kuma wani za a kawo, wallahi ba komi."

Na saurara sau uku ina neman habaici a cikin muryar, ban samu ba. Da ma zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Washegari da hantsi muka yi gwajin. Na ɗauki mai guduma da niyyar in nuna yadda ake yi. Na ƙi sayen wuƙar tsalle, na tara zinariyata na sayi takobi. Abu na farko da ya ba ni mamaki shi ne yadda zinariyar ke wahalar zuwa, domin mai buɗe faɗa yakan bar wa mai baka duk abin samu na kan hanya. Wata da watanni ina ci a hannun Malam ban sani ba. Da faɗa ya zo na nufi abokan gaba da gudu, suna kallona tun daga nesa, suka watse kawai, na doka guduma a fili babu kowa. Karo na biyu na kama mutum biyu, na juya ina jiran a biyo ni, ashe mutanena suna can wata hanya, aka taru a kaina. Karo na uku tsoro ya hana ni shiga, na tsaya ina leƙe har aka kashe 'yan Banga duka biyun a gabana. Malam ma, a gaskiya, bai iya mai baka ba, harbinsa a makare yake zuwa. Aka yi mana cin da ba a taɓa yi mana ba.

Bayan la'asar Malam ya kira ni. Na ɗauka ina shirin jin faɗa, sai na ji yana dariya yana cewa shi dai ya tabbatar baka ba sana'arsa ba ce. Daga nan ya tambaye ni abin da nake kallo lokacin da zan shiga faɗa. Na ce abokan gaba mana.

"To ni su ne na ƙarshe da nika dubawa," ya ce. "Kai nika hwara nema. Ina mai baka yake, kibiyarshi za ta kai inda zan dira? In ba za ta kai ba, ko su biyar sunka jeru suna barci ba ni shiga. Sannan in tuna mi sunka riga sunka yi amfani da shi, mi ya rage musu. Wuƙar tsalle kuwa, ai ƙato irin wanga in ana ganin tahowarshi ba shi da amfani. Ita ce aikin gaba ɗaya."

Na tambaye shi me ya sa kayansa ke canzawa kullum. Ya ce shi ba ya yanke abin da zai saya sai ya ga jaruman da aka zaɓa a ɗaya ɓangaren. In masu sara ne, sulke. In masu sihiri ne, mayafi. In kuma mu ne muke da nauyin ƙafa, ganga. Ya yi bayanin nan a hankali kamar yana gaban 'yan aji uku, bai ko ambaci saƙona ba. Ni kuma girman kai ya riƙe min harshe. Na ce na gode, na kashe waya, ban ba shi haƙuri ba. Tela ya yanke cewa kowa ya koma kan jaruminsa, maganar canji ta mutu.

Ranar Juma'a aka yi ruwa mai ƙarfi, sabis ya lalace a wajen su Malam. Wasan kuma ƙarfe biyu na ranar Asabar ne, kuma dokar gasar ita ce duk ƙungiyar da ba ta cika biyar ba an fitar da ita. Malam ya ce zai taho Kaura. A lokacin hanyar Shinkafi ba hanya ce da mutum ke hawa don nishaɗi ba, kowa ya san 'yan bindiga ake gudu, ga gero ya yi tsawon da za su iya ɓuya a ciki a gefen titi. Tela ya roƙe shi ya zauna, ya ce kofi bai kai rai ba. Malam ya ce ba zai yi ganganci ba, zai jira motocin da ke tafiya a jere da safe, in sun tashi ya bi su, in ba su tashi ba mu yafe masa. Tun da gari ya waye nake duba waya. A nan na fara jin nauyin abin da na yi, domin zuciyata ta yi ta raya min cewa maganata ce ta sa ya ga dole ya zo.

Wajen sha ɗaya da rabi ya sauka daga kan babur a ƙofar shagon. Siriri ne, dogo, da tabarau da 'yar furfura a gemu, rigarsa ta sha guga. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana gaisawa. Da na ce, "Sannu da zuwa, Malam, ya hanya?" sai ya riƙe hannuna ya yi murmushi.

"Wagga murya na san ta. Kai ne mai baka. Ashe ma yaro ne kyakkyawa."

Na rasa inda zan sa fuskata. Ya fito da wayarsa, wata tsohuwa mai tsagaggen gilashi wadda ke zafi in an daɗe ana wasa. Da irin wannan waya yake kama mutane cikin ƙiftawar ido, ni da sabuwa ina zaginsa. Muka ci tuwo da Tela ya sa aka kawo daga gida, muka yi azahar, aka ture kekunan ɗinki gefe aka shimfiɗa tabarma. Kafin biyu ta yi shagon ya cika da 'yan kallo, har da maƙwabtan Tela da ba su san kan wasan ba.

Abokan karawarmu 'yan wani babban birni ne, kuma wanda ya ci biyu cikin uku shi zai wuce. Mun ci na farko saboda sun raina mu. A na biyu suka gano inda ƙarfinmu yake. Suka ɗauki wani jarumi mai ɓuya da ke fitowa ta bayan mutum, da wata mai sihiri da ke ɗaure mutum a wuri ɗaya. Duk faɗan da za a yi, kafin in saki kibiya biyu an ɗaure ni an kashe. Malam zai yi tsalle ya kama mutum uku, amma babu mai harbi a bayansa. Suka ci. A hutun da aka ba mu, Malam ya jingina wayarsa a jikin randar ruwa don ta huce.

Wasa na uku ya fara kamar na biyu. Suka rushe mana hasumiyoyi, suka kashe ni sau uku, 'yan kallo suka fara zamewa. Malam ya lallaɓa ya haɗa takalminsa da wuƙar tsalle da wani babban sulke da ya daɗe yana tarawa, kuma sulken nan ne kaɗai ya sa yake iya tsayawa a gabansu ya tare mana hanya. Can sai na ga ya koma gida, ya tsaya a wurin sayen kaya. Tela, da ke gefensa, ya leƙa wayarsa ya daka tsawa.

"Malam! Mi kaka yi haka? Sulken ka saida?"

"Awo, na saida."

"To da mi za ka tsaya? Kamar takarda za su yaga ka!"

"Ba ni suka nema ba," in ji Malam, idonsa na kan waya. "Yaron ga suka nema. Sulken ni kaɗai yaka karewa, ni kuwa ko na rayu ba ni iya kashe kowa."

Da abin da ya samu, wanda bai kai kuɗin da ya sayi sulken ba, ya sayi wata laya da ake jefa wa abokin wasa. Tana kwance ɗaurin sihiri, ta kuma lulluɓe mutum da garkuwa na ɗan lokaci. Sau ɗaya take aiki a faɗa. Ragowar ya sayi fitila guda.

A tsakiyar dajin wasan akwai wani babban dodo, ƙungiyar da ta kashe shi takan sami ƙarfin da za ta gama wasa. Mun san can za su nufa. Malam ya kafa fitilarsa a mashigar wurin, ya shige cikin ciyawa ta gefe, ya ce Tela da 'yan Banga su tsaya baya inda ba a ganinsu. Sannan ya juyo ya dube ni, ido da ido, ba ta waya ba.

"Ƙanena, kai za ka hito fili su gan ka. Za su hwaɗo maka. Kar ka gudu, kar ka ja baya. Ka yarda da ni?"

Mutumin da na ce a kora kwana huɗu da suka wuce ne yake tambayata ko na yarda da shi. Na ce, "Na yarda, Malam."

Muka jira. A wata hanya ana rushe mana hasumiya ta ƙarshe, ƙaramin ɗan Banga yana ta cewa a bar shi ya je ya kare, Malam ya ce a bar ta ta faɗi. Shagon ya yi tsit, janareta kawai ake ji. Na kafa ido a kan fitilar. Ban taɓa sanin jira aiki ne mai wuya haka ba. Sai fitilar ta nuna su, suna tahowa a warwatse. Na fito na saki kibiya ɗaya.

Nan take mai sihirin ta ɗaure ni, mai ɓuyan ya bayyana a bayana ya fara sara. Jinin jarumina ya yi ƙasa, rabi, ƙasa da rabi. Na buɗe baki zan yi ihu sai layar ta sauka a kaina, ɗaurin ya kwance, garkuwa ta rufe ni. Na ɗauka yanzu Malam zai yi tsalle, amma bai yi ba. Mutum biyu ne kawai a kaina, shi kuma ba biyu yake so ba. Sauran suka ga na ƙi mutuwa, suka rugo don su ƙarasa ni, suka cunkushe a 'yar mashigar nan. Garkuwar tana gab da ƙarewa, Tela na cewa, "Malam, Malam, Malam," sai ƙaton ya ɓace daga cikin ciyawa ya dira a tsakiyarsu. Guduma ta sauka. Mutum huɗu suka daskare a tsaye.

"Harba, ƙanena! Harba!"

Wannan ne karo na farko da na ƙarshe da na ji Malam ya ɗaga murya. Na harba. Tela da 'yan Banga suka fito suka rufa musu. Da daskarewar ta sake su, duk abin da ya rage musu a kan Malam suka sauke, kuma da yake babu sulke, nan take ya faɗi. Amma lokacin da suka ɓata a kansa ya ishe ni. Na kashe ɗaya, biyu, uku, na huɗun ya juya zai gudu kibiya ta same shi. Na biyar ya tsere shi kaɗai, ba abin da zai iya. Muka bi hanyar tsakiya muka rushe gidansu kafin su farfaɗo.

Shagon ya kaure. Wani ya ɗaga ni sama, wani ya kifar da kwandon zare, maƙwabcin Tela mai sayar da hatsi yana ta tambaya wa ya ci. Allo ya fito da hoton jarumina a matsayin gwarzon wasa. Sunan Malam yana can ƙasa, bai kashe kowa ba. 'Yan kallo suka yi ta bubbuga kafaɗata suna cewa yaron nan shi ya ceci Kaura. Ta tsakanin mutane na hango Malam ya mayar da wayarsa jikin randa, yana tafa min tare da su, fuskarsa cike da farin ciki na gaske.

Bai zauna an gama murna ba, domin yana son ya sami motocin da ke komawa tun rana na sama. Muna idar da la'asar na karɓi jakarsa na ce ni zan raka shi tasha. Muka kama hanya. Sai da muka hango motoci na tsaya.

"Malam, don Allah ka yafe min. Maganar da na yi, rashin kunya ce da jahilci."

"Na yahe tun ranar," ya ce. "Amma tunda ka tambaya, ba zan ɓoye maka ba, ta yi mani zafi. Batun allo da alli ya hi yi mani zafi, don ina son aikina." Ya dafa kafaɗata. "Kuma kar ka raina abin da ka yi yau. Da ka ja baya taki ɗaya, da tsallena ya tashi a banza. Ni na san buɗe ƙohwa, amma sai da mai shiga."

Na tambaye shi ko ba ya jin haushi yadda ake yabon wani a kan aikinsa. Ya yi dariya ya ce shi da ke koyar da 'yan firamare, yaran da ya koya wa baƙi sun zama manya a ofisoshi, wasu ko gaishe shi ba su tsayawa yi, kuma hakan bai hana su iya karatu ba. Ya shiga mota, na tsaya har suka tashi. Ban sami natsuwa ba sai da saƙonsa ya shigo cewa ya isa gida lafiya.

Wasan ƙarshe, mako guda bayan haka, an cinye mu, kuma an fi mu ne ƙwarai, babu wani uzuri. Bayan na gama karatu ƙungiyar ta watse a hankali. Malam ya daina wasan da hidimar iyali ta ƙaru, amma har yau muna gaisawa, kuma har yau in zan yanke wata shawara mai nauyi nakan kira shi.

Yanzu ina aiki a Zurmi, a ofis da muke da yawa, inda ake yin aiki tare amma sunan mutum ɗaya ke fitowa a saman takarda. Wani lokaci sunana ne. Abin da ranar nan ta koya min shi ne, duk inda na ga an yi nasara ana ɗaga wani sama, in waiwaya in nemi wanda ya fara shiga, wanda ya ajiye abin da zai kare kansa ya ɗauki abin da zai kare na kusa da shi. Kusan kullum akwai shi, kuma kusan kullum yana gefe yana tafi. In na gan shi nakan je in gaishe shi da hannu biyu, in faɗa masa na ga abin da ya yi, tun kafin ya kama hanyar gida.